Direban da Ya Nemi Ƙaramar Giya

Shekara ashirin da bakwai Malam Zaharaddini ya yi yana tuƙa ma'aikatan ruwa a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, daga Kura zuwa Kadawa, har can cikin ƙauyukan Bunkure. Motarsa ta aiki tsohuwa ce mai jan ƙafa huɗu. Idan damina ta yi nisa, hanya ta zama kunu, sai ya sauka ya tattare wando, ya murɗa makullin tayoyin gaba da hannu, ya dawo ya ja ƙaramar giya. Nan take injin zai raba ƙarfinsa ga tayoyin duka, na baya na turawa, na gaba na ja. Yakan ce, "Kaya in mutum huɗu suka ɗauka, ko ɗaya ya zame sauran sun riƙe."

A lokacin, duk wanda motarsa ta kafe da buhunan shinkafa, shi ake aika wa.

Da ya yi ritaya abubuwa suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Tambaya ta rasu. 'Yarsa Sumayya tana aure a Dawakin Kudu, sai ranar Juma'a take bugo waya. Abokan zamansa na gindin darbejiya wasu sun riga shi gidan gaskiya, wasu 'ya'yansu sun ɗauke su zuwa birni. Ciwon gwiwa ya hana shi hawa babur, har damina biyu ta wuce bai ga gonarsa ba, sai labarinta yake ji a bakin mai noma masa.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, Fatihu, ɗan marigayi maƙwabcinsa, wanda yanzu dillalin albasa ne, ya tsaya a ƙofar gidan da wata mota mai sheƙi.

"Baba, taso mu je ka ga gonarka."

"A wannan caɓin? Wannan ta ɗaurin aure ce, ba ta gona ba."

"Taso dai, Baba."

Ya shiga da kyar. Da suka sauka daga kwalta, hannunsa ya tafi da kansa yana laluben ƙaramar giya. Babu. Sai wurin ajiye kofi.

"Ina abin da ake ja?"

"Ba a jan komai. Ita da kanta take ji. Duk tayar da ta fara santsi, sai na'urar ciki ta rage mata ƙarfi ta ƙara wa masu riƙe da ƙasa."

"Wa ya gaya mata?"

Fatihu ya yi dariya, ya danna cikin taɓon.

Malam Zaharaddini yana saurare da jikinsa. Ya ji tayar gaba ta dama ta zame, kafin ya buɗe baki ya ce a sassauta, ta baya ta riga ta karɓa. Suka wuce kwanar da ya taɓa yini guda yana haƙa da shebur. Fatihu ko takalmi bai ɓata ba, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana amsa wayar masu saye daga Kano.

"Lallai ta iya," in ji tsohon a hankali. Fatihu bai ji ba.

Shinkafar ta yi kyau, kore shar. Ya sauka ya dogara da sanda, ya zauna a kan kunya. Ya so ya ba da labarin ranar da ya fito da tarakta daga ramin waccan kwanar, ya waiga, ya ga Fatihu ya yi nisa yana ciniki a waya.

Da Fatihu ya dawo ya ce, "Baba, zan leƙa Kadawa. Mu tafi?"

"Je ka. Ka biyo ta nan in ka gama."

Motar ta tafi ba ko gurnani. Ya cire takalminsa, ya sa ƙafafunsa a cikin ruwan da ke kwarara zuwa gonar, ya zauna nan har azahar.