Ƙwaryar da na mayar wayam

Matso kusa 'yar'uwa, ki ara mini kunnenki, don abin nan ya daɗe yana cin raina. Ni karatuna bai wuce in buɗe littafin waƙoƙin coci ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ko tari mutum ya yi a bayan danga, zan gaya miki ɗan gidan wane ne. A lokacin muna zaune da maigidana a wani ƙauye ta wajen Dutsi. Gidajenmu na Kirista ba su da yawa, amma lafiya lau muke da kowa: da Kirsimeti mu kai shinkafa, da Sallah a aiko mana nama. Ni kuwa ba mai son fita ba ce, duniyata tsakar gida da hira.

Ina da ƙawa Bafulatana mai tallar nono, rugarsu na hayin rafi. In ta gama talla a gindin darbejiyarmu take hutawa, mu yi ta zuba. Takan bar mini 'yar ƙwarya da man shanu, ni kuma in mayar da gero ko daddawa a ciki. Kin dai san al'ada, ba a mayar da ƙwarya wayam. Wadda ta yi haka, ta ce ne zumunci ya ƙare.

Wata kaka, ina hura wuta da sassafe, na ji garke yana wucewa, don gidanmu ne na ƙarshe a bakin burtali. Ɗan ƙawata in yana kiran shanu yakan ja ƙarshen kiran kamar mai waƙa. Waɗannan kiransu gajere ne, kuma da ɗayansu ya yi Hausa, harshen mutanen tsallaken iyaka na ji. Kafin hantsi gari ya ɗauka: shanu sun cinye wake, an kuma sassari wani dattijo da ya hana. Maza suka ce ba wasu ba ne, 'yan rugar hayi ne. Aka hana sayen nono, samari suka fara zancen sa wa rugar wuta.

Na gaya wa maigida abin da na ji. Ya dube ni ya ce, "Ke, mu nawa ne a garin nan? Kika buɗe baki, gobe a ce matar Kirista ce infoma. Ki tuna da yaranki." Kar ki ga laifinsa, a lokacin kalmar nan kaɗai ta isa ta tashi gida. Sai na zama kamar kaza a akurki. In na yi magana na jefa 'ya'yana, in na yi shiru na jefa nata. Addu'a ma in na fara sai ta maƙale.

Ga kuma ƙwaryarta a kan randata, da zanenta irin na Fulani. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta kalle ta, ta yi dariya ta ce ashe har yanzu ana hulɗa. Tana fita na naɗe ƙwaryar a tsohon zane, na ba wata tsohuwa mai zuwa itace hayi. Na tuna da gero, sai na ce kar a ga tsohuwar da kaya a tambaye ta. Haka ta tafi ba ko ƙwaya.

Ashe matar fastonmu, wadda muke kira Mama, ta haɗa kai da malamar da ke karantar da matan unguwa. Suna bi gida gida suna cewa in wuta ta tashi, mu mata ne za mu yi takaba, nan da hayi. Ranar zumuntar mata Mama ta tuna mana albarkar da Yesu ya sa wa masu sulhunta mutane, ta ƙara da cewa wanda ya san gaskiya ya haɗiye, shi ma ya ba da shaidar zur. Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗi komai. Ta riƙe hannuna har ɗakin uwargidan mai gari. Nan na kwaikwayi kiran nan biyu, mata suka bushe da dariya. Malama ta ce, "Ke da ba kya gajiya da surutu, sai ranar da bakin zai yi amfani kika kulle shi?"

Uwargida ta isar da maganar. Mai gari ya sa aka bi sawu, aka ga garken ya yi arewa ne, bai ko kusanci rafi ba. Ya tsawata wa samari, ya ce a kira Fulani a zauna. Maigidana ya yi fushi, wasu sun yi ta gunaguni a kaina, amma ba wanda ya taɓa mu. Mu mata muka ɗauki gero muka haye rafi mu kai albishir.

Muka tarar da kufai. Sai toka da turaka, da ƙwaryar nan an kife ta a kan turke. Na ɗauke ta na taho da ita gida. Tsohuwa mai itace ce ta gaya mini cewa mijin ƙawata ya daɗe yana son su tashi, ita ce take hanawa, tana cewa tana da mutum a gari. Da ƙawar tawa ta kwance zanen ta ga ba komai, sai ta ce masa, "Tunda har ita ta maido wayam, ba mu da kowa." Wasu sun ce garin Babban Mutum suka yi, wasu sun ce sun tsallaka iyaka. Na yi cigiya har na gaji.

Garin ya zauna lafiya, kuma mata ne suka zaunar da shi, wannan na gani da idona. Amma na koyi cewa tsoro ma aike yake yi, kuma ya fi gaskiya sauri. Mata 'yan'uwana, in rigima ta taso kada ku jira sai kun ga hayaƙi. Ƙwaryar tana kan randata, duk kaka ina zuba sabon gero ko Allah zai kawo ta. Ke fa, ƙwaryar wa ke ɗakinki yau, kuma me za ki zuba a ciki?