Ranar da Baffa Iro Ya Raka Mu Gasar Mutum-mutumi

Ku da kuka san Baffa Iro kun san ba ya ce wa yaro yaro. Maraƙi yake cewa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciya da tsufa yana dillanci a karar Wudil, komai na duniya da idon shanu yake kallonsa. In aka miƙa masa jariri ranar suna, sai ya taɓa haƙarƙari, ya leƙa baki, ya ce, "Madalla, wannan zai yi nauyi." Yayan mahaifina ne, kuma na sha gajiya a hannunsa, amma gajiyar da har yau nake ji a gwiwata ita ce ta ranar gasar Safiyya.

Safiyya 'yata ce, tana cikin ƙungiyar masu haɗa mutum-mutumi a makarantarsu. Ni da allo da tawada na tashi, abin da na gane kawai shi ne wata 'yar mota ce mai tafiya da kanta, tana bin baƙin layi a ƙasa. Ranar gasar ta faɗo ranar da uwarsu Hauwa take aiki a asibiti, ga Abba, autanmu, bai daɗe da fara tafiya ba, duk abin da ya gani sai baki. Hauwa dama ba ta son ƙungiyar nan. Ta ce mini, "Malam, ku tafi da shi. Amma wallahi in ya dawo da ko ƙwarzane, Safiyya ta gama da haɗe-haɗen wayoyin nan har abada." Safiyya na tsaye, idonta ya kawo ruwa.

Baffa na zaure yana jin mu. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Wa zai ba ka maraƙi ka kai kasuwa? Kai da ko akuya ba ka taɓa kiwo ba. Amarya, share hawayenki, mijinki na nan." Haka yake tsokanar Safiyya tun tana goye.

Wahala ta fara daga bakin titi. Duk adaidaitar da ta tsaya sai ya zagaya ta, ya danna taya da babban yatsa, ya ce ramammiya ce. Da ƙyar ya yarda da wata. Muna hawa gada ya dafa kafaɗar direba. "Sannu-sannu, ɗan nan, mai rai ka ɗauko." Direban ya ce, "Baba, ai mai keke ma ya wuce mu." Baffa ya ce, "To ka yi masa addu'a." Safiyya na rungume da kwalinta tana duba rana, ni kuwa ina ta istigfari.

Mun isa ana dab da rufe ƙofa. Zauren gasar cike yake da yara da hayaniya, tebura duk ƙananan batura ne da kusoshi, ga ƙarfen liƙa waya yana hayaƙi. Abba ya gani, ya washe baki. Baffa ya ware rawaninsa, ya ɗaura gefe ɗaya a ƙugun Abba, ɗaya gefen a nasa idon sawun. Sannan ya auna da taki, ya ja kujera baya har sai da ya tabbata hannun yaron ba zai kai tebur ba. Wani matashin malami ya zo da ladabi ya ce, "Baba, ba a ɗaure yaro a nan." Baffa ya ce, "Ba shi na ɗaure ba, ni na ɗaure kaina a jikinsa. Akwai dokar da ta hana?" Malamin ya dube ni, na dubi rufin ɗaki.

Da lasifika ta fara, ya zaro auduga daga aljihu ya toshe kunnen Abba, ragowar ya toshe nasa. Daga nan duk maganar da zai yi sai ƙarshen zaure ya ji. Mutum-mutumin wata makaranta ya fito yana karkata, Baffa ya ce, "Kai! Wannan gurgu ne, ko kyauta ba na karɓa!" Iyayen yaran suna bayanmu. Na yi ta juyawa ina ba da haƙuri har wuyana ya ƙage.

Aka kira sunan Safiyya. Ta ajiye abinta a kan layi, ya tashi lafiya lau, ya sha kwana ta farko, ya sha ta biyu. A ta uku ya saki layin, ya yo waje a guje, kai tsaye wajen Abba da ke zaune a ƙasa yana miƙa masa hannu. Jama'a, abin nan bai fi burodi girma ba! Amma kafin in motsa, tsohon nan ya yi tsalle daga kujera, ya cafki tayar baya, ya kifar da shi, ya danne da gwiwa, yana cewa, "Ku kawo igiya!" Muka ji ƙas. Zaure ya yi tsit, sai Abba da ke tafi.

Safiyya ta tattara gutsattsarin a kwali, muka fito muka hau titi. Can Baffa ya cire audugarsa ya ce, "Amarya, an sake ni ke nan?" Ta ce, "Baffa, ai da kansa zai tsaya in ya ga mutum a gabansa. Haka na haɗa shi." Ya ce, "Haka masu bijimi suke faɗa mini kullum."

Da yamma Hauwa ta tuɓe Abba, ta duba shi daga ka har tafin ƙafa, irin duban asibiti. Ba ta sami komai ba. Tana ɗagowa ta ga Baffa yana jan ƙafa, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Ta ce, "Baffa, me ya same ka?" Ya ce, "Wani ɗan bijimi na kayar. Ke dai kin ga yaronki." Ta ɗaure masa gwiwar, sannan ta ce wa Safiyya, "Ki nemi wasu wayoyin."

Gwiwar nan ba ta sake miƙewa daidai ba. A zaune ya riƙa salla har Allah ya karɓi abinsa, kuma ko sau ɗaya bai ambaci dalili a gaban yarinyar ba. Ya Allah, bawanka Iro ya tsare mana ɗan ƙaramin da bai san haɗari ba. Ka tsare shi a kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka tashe shi da ƙafafu lafiyayyu. Amin.