Lambobin Ƙarshen Layi

Shekarar da gero ya bushe a tsaye tun daga Gangara har Tozai, aka kawo dusa Sabon Birni, wadda ba za ta ishi rabin masu dabbobi ba. Aka ce ƙuri'a za a yi, kwamfuta ce za ta zaɓa. Ni aka kira tafinta, saboda ina jin Fulatanci.

Na ga ƙuri'a a wurare da dama. A Maraɗi tsakuwa suke zubawa cikin ƙwarya, a Sudan tsinke ake ja. Ko'ina dai ana ganin hannun mai ɗauka. Nan babu hannu.

Manoma masu shanun huɗa su suka riga yin rajista, suka sami ƙananan lambobi. Makiyaya sun iso a makare, nasu manya ne. Arɗonsu ya ce in gaya wa malamar dabbobi mai kula da kwamfutar bai yarda ba. Ya san yadda ake yi a bakin rijiya, garken baya laka yake sha. Abin nan zai ƙoshi da lambobin gaba tun bai kai gare su ba.

Malamar ta ɗan yi rubuce-rubuce, ta juyo da fuskar kwamfutar.

"Baba, gwaji za ni yi, ba rabo ba. Duk lambar da ta hito ɗigo za ta zama. Ƙanana hagu, naku dama."

Ɗigon farko ya faɗa hagu. Na biye ma hagu. Sai ga su jere, duk hagu.

"Ashe ita ma ta san masu gari!" in ji wani manomi.

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Samarin Arɗo suka gyara riƙon sandunansu, ni kuwa ina tsaye tsakanin ɓangarorin biyu.

Can sai ɗigo ya faɗa dama, wani ya bi shi. Ta ƙara musu sauri, suka yi ta zuba kamar yayyafi a kan rairayi, nan cunkus, can fili. Arɗo ya ɗora yatsa kan wani fili a damansu.

"Nan fa, 'yata?"

Ta nuna masa irinsa a hagu, har ya fi faɗi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a yi.

Makiyaya da yawa sun samu. Lambar Arɗo ba ta fito ba. Ya daka wa samarin tsawa su sauke sanduna, ya taya ƙanensa ɗaure buhu a kan jaki. Washegari ya kora shanunsa kudu, waɗanda ke iya tashi.