Makon Gwaji a Filin Harbi

Da kamfanin da ya kawo ni Doha ya ce zan yi aikin nas a wani kulob, na zaci wurin ninkaya ne. Sai da mota ta bar unguwar Mansura ta nausa bayan gari na gane filin harbi aka kawo ni. Mako ɗaya aka ba ni na gwaji, in ban dace ba a mayar da ni gida, ni da aka yi wa addu'ar sallama a coci har sau biyu.

Ko jaka ban ajiye ba aka yi harbin farko. Ban yi shawara da kowa ba, sai ga ni rub da ciki a kan yashi, hannu a ka. A unguwarmu a Filato haka aka koya mana tun muna yara: ka ji bindiga, ka nemi ƙasa, tambaya sai daga baya. Shugaban ma'aikata ya tsaya yana kallona, ya rubuta wani abu a takarda. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya fi ta.

Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, mai loda wa injuna faifan yumɓun da ake cillawa sama a harba, shi ya ɗaga ni.

"Tashi, 'yata," ya ce. "A nan faranti ake kashewa, shi ma ba kullum ake samu ba. Maza, zo ki gani."

Ya zagaya da ni. A fili na farko faifan daga rami yake fitowa, ya tsere gaba kamar fakarar da aka tayar. A na biyu ɗakuna biyu ne, dogo da gajere, faifai biyu su fito daga cikinsu su gitta juna a sama. A na uku ba a sanin ta ina zai ɓullo, har da mai gangarawa a ƙasa da suke kira zomo. Ni dai duk ƙara ɗaya nake ji.

"Baba, ba zan iya ba," na ce.

"Bar sauraron bindiga. Saurari bakin mai harbi."

Sai na lura. Ba wanda ke harbi sai ya yi ɗan kira tukuna, a saki faifai, sannan ƙara ta biyo. A gida bindiga ba ta taɓa yi mana sallama ba. Na wuni ina bin kiran nan, kafaɗata na zabura, amma ƙafafuna suna tsaye. Washegari dattijon ya danƙa mini maɓallin sakin faifan, na danna da kaina sau ashirin da biyar. Na yi mamakin daɗin da na ji.

Rana ta biyar ɓarɓashin faifai ya yanki wani maharbi a gira, jini ya rufe masa ido. Na zaunar da shi a nan bakin fili, na wanke, na danne, na ɗaure. Shugaban na tsaye a kaina. Da na gama ya tambaye ni ko ƙarar ba ta dame ni ba, don a filin da ke kusa ba su daina harbi ba.

Sai a lokacin na ankara. Ban ji harbi ko ɗaya ba.