Murtsunguwar Ashafa

A unguwar Danau Kota, can ƙasar waje, muka zauna gida ɗaya da Ashafa, ɗalibin ilimin tsirrai, mutumin da zai gaishe ka idonsa na kan ciyawar bayanka. Dukiyarsa kaf tukunya guda ce a baranda, da murtsunguwa a ciki, irin mai faffaɗan kunne kamar tafin hannu, ƙaya ko'ina. Daga shingen gonar mahaifiyarsa ya yanko ta don bincikensa.

Ya haƙiƙance irinta daban ne, 'yar asalin ƙauyensu, ba wanda ya taɓa rubuta ta a littafi. In ta tabbata, shi ke da ikon raɗa mata suna, kuma sunan mahaifiyarsa zai sa. Na ce, "Kai da kunya ba ta barinka ka furta sunan, ya za ka yi a gaban farfesoshi?" Ya yi murmushi kawai. Inna yake ce wa tsiron.

Sai korona ta zo, aka rufe jami'a da ɗakin gwaji, aka rufe hanyar gida. A cikin wannan kulle tsohuwar ta rasu, ta waya ya ji. Tun daga nan ya koma baranda. Ruwan garin nan ruɓar da murtsunguwa yake, don haka da hadari ya haɗo sai ka ga ƙato riƙe da lema a kan tukunya, shi yana jiƙewa. In ruwa ya ɗauke ya zauna yana kallon dogayen benaye cikin tururi, ya ce suna rikiɗe masa su koma duwatsun garinsu, har yana jin kukan awaki. Na yi masa tsiya, amma wallahi tausayi yake ba ni.

Fure yake jira, shi ne shaidar da ta rage masa.

Wata safiya murtsunguwar ta fitar da shi, rawaya, bakinsa jawur. Ashafa ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu ya duba furen, ya duba ƙayar, ya buɗe littattafai har azahar.

"Ba sabuwa ba ce," ya ce. "'Yar Meziko ce, tana da sunanta tun tuni."

Ya rubuta sunan Latin a ɗan katako ya soka a tukunyar, ko harafi bai karkace ba. Hadari ya taso, ya buɗe lemarsa kamar kullum. Ina daga bakin ƙofa na ga ya sunkuya kan furen, na ji ya furta sunan mahaifiyarsa a hankali, "Hureira."