Abin da Likita Ya Faɗa wa Yaya

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara idon Inna ya yi ɗorawa. Nan take kowa a unguwarmu a Ƙaura ya zama likita: shawara ce, a ba ta rake, a dafa mata saiwa, kada a kuskura a yi mata allura. Sai da ta fara susa har fatarta na jini sannan Yaya, babban wanmu, ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti a Sakkwato. Na bi su, don ni ke jinyarta.

Da aka gama hoto, likita ya leƙo ya tambayi wane ne babba namiji. Ni mai wanke ta, mai juya ta, aka bar ni a kan benci da kwanon koko. Yaya ya fito ya ce ciwon maɗaciya ne, an ba da magani, sauƙi na wurin Allah. Iyakar abin da muka ji ke nan.

Inna tana da ƙanwa a Badarawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun daɗe ba sa ga maciji, saboda wata baƙar magana da Inna ta yaɓa mata a gidan biki. Tun da Inna ta kwanta ba ta da zance sai na ƙanwar nan. Na ce a aika a kira ta, ta ƙi. Wai ita ta yi furucin, ita ya kamata ta taka ta nemi gafara, kuma ba za ta je a rame ba, a ce tsoron mutuwa ya kawo ta. Sai ta ji sauƙi, bayan kaka. Yaya direba ne, hanyar Shinkafi yake bi kullum, ta Badarawa yake wucewa. In ta faɗi haka sai ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu.

Ana shirin girbin gero ta rasu.

A zaman makoki na jiyo muryarsa daga zaure yana ba abokansa labari. Ashe tun bazara likita ya gaya masa ciwon daji ne, ya riga ya kama hanta, kuma masu irinsa da wuya su wuce 'yan watanni. Da ya shigo cikin gida na tare shi.

"Yaya, ka san wanga zance tun bazara, kab bar ta tana jiran kaka?"

"Ke, gaibu na Allah ne. Mi likita ya sani? In hwaɗa mata in kashe ta?"

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Likita bai ce ya san rana ba. Manomi ma yana duban hadari ya kwashe shanya, ba wanda ya ce ya yi saɓo. Kuma shi mai tsoron gaibun, tun tsakar damina ya sayi likkafani ya ɓoye a bayan mota. Shi ya samu lokacin shiri, mai mutuwar ce bai ga ta cancanta ba.

Ƙanwar Inna ta iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ta zauna a bakin gadon Inna, ta daɗe tana shafa tabarmar, sannan ta tambaye ni ko Inna ta taɓa ambatonta. Na ce kullum, safe da yamma.

"To mi ya hana a kawo ta?"

Na ce ta tambayi ɗanta Yaya, yana zaure yana karɓar gaisuwa.