Kukar da Fannami Ya Matsar

Fannami ya shigo Haɗejiya a shekarar fara, wajen 1931, da jaki ɗaya da akwatin kwano. Mutumin wani ƙauye ne a wani tsibiri na tafkin Chadi, ɓangaren Faransa. Shekara uku ya yi yana yi wa wani Bature mai awon ƙasa dako, a wurinsa ya koyi zana kogi da itatuwa a takarda. Da aka fara kamen mutane aikin hanya, sai ya biyo kogi ya yi yamma. A Haɗejiya ya gaji, ya ce nan ma gari ne.

Jar ƙasa da gawayi da shunin marina yake damawa da ƙaro, ya yi zane a bangon zaure ko a jikin ƙyaure. Limamin unguwa ya zo ya duba, ya ga babu mutum babu dabba, ya ce, "Ba laifi, amma ruwan ya yi yawa."

Gaskiya liman ya faɗa. Fannami na ɗaukar buroshi sai garinsu ya faɗo masa a rai. Matarsa Saude, 'yar Miga, takan ce, "Kai dai duk wanda ya ce ka zana masa gona, garinku kake ba shi."

Wata shekara da kaka, Haladu, wani manomin shinkafa daga Guri, ya kawo sabon ƙyauren katako ya ce a zana masa fadamarsa. Fannami ya je ya wuni yana kallo. Akwai wata kuka a kan iyakar Haladu da maƙwabcinsa Tukur, amma a idon Fannami ba ta tsaya daidai ba. Ya matsar da ita can gabas a zanen. Haladu ya ga gonarsa ta ninka, ya biya shi, ya ƙara masa da bandar kifi.

Da damina ruwa ya shafe iyakoki, rigima ta kaure tsakanin Haladu da Tukur har gaban alƙali. Haladu ya ciro ƙyauren ya ɗoro a jaki don shaida, ya bar zaurensa a buɗe. Aka aika a kira Fannami, ya zo yana zaton Faransa ce ta biyo shi.

Alƙali ya ce, "Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Allah ya gafarta malam."

"Nan kukar take?"

"A nan ta fi kyau."

"Ba kyau na tambaye ka ba."

Fannami ya sunkuyar da kai ya ce, "A garinmu gabas da ɗakin mahaifiyata take. A ƙarƙashinta take shanya kifi."

Tukur ya miƙe ya nuna wani tsibiri a tsakiyar zanen, ya ce, "Wannan fa? Tun kakana ban san da shi a Guri ba!"

"Nan aka haife ni," in ji Fannami.

Alƙali ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Ya sa a kirawo dattawan Guri su nuna iyaka, aka mayar da kowa inda yake. Haladu ya koma da ƙyaurensa yana gunaguni. Labari kuwa ya bazu, aiki ya yi wa Fannami yawa, don kowa na so ya ga gonarsa da faɗi ko da a bango ne.

Ya haifi 'ya'ya mata uku, Hausarsa dai ba ta taɓa miƙewa ba. Duk shekara yakan ce bayan girbi zai je ganin gida. Sau ɗaya ya ɗaura niyya da gaske, ya yi sallama da unguwa kaf, Saude ta yi masa guzurin dakuwa. Da ya kai Guri, Haladu, wanda tuni ya huce, ya tare shi ya ce sai ya ci abinci. Ya kwana bakwai yana cin tuwon shinkafa da miyar kifi, sannan ya juyo.

Saude ta ce, "Malam, ya mutanen gida?"

Ya sauke kaya ya ce, "Hanyar ta ƙara nisa, Saude."

Bai sake gwadawa ba. Ya rasu a Haɗejiya shekara uku kafin Turawa su tafi.